Hitar gindin bango ta tsohon gida: nawa ne ainihin zafin da take bayarwa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mun sayi gida a Yonkers, jihar New York ta Amurka, ginin 1961, ana ɗumama shi da ruwan zafi da ke bi ta hitocin nan na gindin bango. Babu suna ko lamba a jikinsu. Boilar da ke dafa ruwan ta tsufa, an rubuta 140,000 BTU (ma'aunin yawan zafi) a allon jikinta. Mai gyara na farko ya ce a sa sabuwa daidai girmanta. Na biyu ya auna hitocin ya sami ƙafa 118, ya ninka da BTU 600 a kowace ƙafa, ya ce mai 70,000 ta isa. A watan Janairu mun ƙona therm 185 na gas (ma'aunin da ke kan takardar kuɗin gas). Ɗakin mahaifiyata kuma, na kusurwar baya, ƙafa 12 da 14 mai taga biyu, ba ya ɗumi sai an haɗa mata da hitar lantarki. Ta yaya zan san zafin da hitocin nan ke bayarwa, kuma za su yi aiki da sabuwar boila mai rage cin gas, ko da na'urar nan mai janyo zafi daga iskar waje?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya sanya alheri a gidan, ya ƙara wa Hajiya lafiya. Malam, kafin komai kada ka sa hannu a takardar ko ɗaya daga cikinsu tukuna. Na farko bai auna komai ba, allon tsohuwar boila kawai ya kwafa. Na biyu ya ɗan motsa tunda ya fito da tef, amma abin da ya auna ba shi ake aunawa ba, lambar da ya ninka da ita kuma ba ta gidanka ba ce.

Hitar gindin bango ba ta da lamba guda da za a ce ita ce ƙarfinta, irin yadda ake rubuta wat 1,500 a jikin hitar lantarki. Abu biyu ke yanke abin da take bayarwa: tsawon wurin da ke da fuka-fukai (siraran ƙarafan da aka jera a jikin bututun cikinta), da zafin ruwan da ke ratsa wurin. Ƙafa ɗaya ta hita ɗaya tana iya ba ka BTU 500 a awa yau, gobe ka rage zafin ruwa ta ba ka 180. Saboda haka rashin suna a jikinta bai dame ni ba. Tef da ma'aunin zafi sun fi sunan amfani.

Fara da cire murfin gaba na guda ɗaya ka leƙa. Ana ɗaga shi sama kaɗan a jawo, ba ya buƙatar sukudireba a yawancin gidaje. A gidan shekarun 1960 na yankin New York, abin da na fi tsammanin za ka gani shi ne bututun jan ƙarfe mai inci uku bisa huɗu, an jera masa siraran fuka-fukan alminiyum masu kusurwa huɗu, faɗinsu inci biyu da ɗan wani abu, wajen guda 50 zuwa 60 a kowace ƙafa, akwatin gaba ɗaya tsayinsa inci bakwai zuwa takwas. Wannan shi ne gama-gari, kuma kamfanoni da yawa sun ƙera shi kusan iri ɗaya, shi ya sa za ka iya aron lambobin wani kamfani ka yi lissafin na wani. Idan fuka-fukan sun fi inci uku, akwatin kuma ya fi kauri, to mai ƙarfi ce, tana kai 700 zuwa 800 a inda gama-gari ke ba da ƙasa da 600. Idan kuwa babu murfin da ke cirewa, ka ƙwanƙwasa ka ji dunƙulallen ƙarfe mai nauyi, to ƙarfen zubi ne, irin Baseray na kamfanin Burnham. Wanda ya sami wannan a gidansa ya yi sa'a, don yana riƙe zafi ya daɗe, kuma ba ya lalacewa da taka ko bugun kujera. Abin da yake bayarwa a kowace ƙafa bai yi nisa da gama-garin ba. Zan ci gaba a kan cewa taka gama-gari ce.

Yanzu awo. Ƙafa 118 ɗin da mutuminka ya samu tsawon akwati ne. Magina na wancan zamani suna son akwatin ya bi bango daga kusurwa zuwa kusurwa don kyan gani, amma a ciki sai ka tarar da ƙafa biyu ko uku na bututu tsirara a kowane ƙarshe, wani lokaci rabin bango. Bututu tsirara yana ba da wajen kashi goma cikin ɗari na abin da mai fuka-fukai ke bayarwa, ni ba na ma sa shi a lissafi. Ka bi ɗaki-ɗaki da tocila, ka haska ta ƙasa ko ta tsagar sama, ka auna daga fiffiken farko zuwa na ƙarshe, ka rubuta na kowane ɗaki daban. Ka kuma rubuta jerinsu: wanne ruwa ke fara shiga daga boila, wanne ne na ƙarshe. Da safe idan boila ta tashi, taɓa bututun da hannu zai nuna maka wanda ya riga wani ɗumi. Don mu sami abin lissafi, bari in ɗauka cikin 118 ɗin nan 92 ne masu fuka-fukai. Idan ka auna sai ka sa naka a gurbinsa.

Lambobin da nake aiki da su na Fine/Line 30 ne na kamfanin Slant/Fin, wadda ta cika gidajen wannan yanki. A takardarsu, idan galan ɗaya na ruwa ke wucewa a minti, kowace ƙafa tana ba da BTU 580 a awa in matsakaicin zafin ruwa digiri 180 ne a ma'aunin Farenhait. A 170 ta ba da 510, a 160 ta ba da 450, a 150 ta ba da 380, a 140 ta ba da 320, a 130 ta ba da 260, a 120 kuma 210 kacal. Ga wanda ya saba da ma'aunin gida, 180 shi ne 82 na Salsiyas, 140 shi ne 60, 120 kuwa 49. Ka lura da yadda abin ke faɗuwa. Daga 180 zuwa 140 kusan rabin ƙarfin ya tafi. Dalili shi ne hitar ba ta da fanka, iska ce ke tura kanta: mai sanyi ta shiga ta ƙasa, ta ratsa fuka-fukai ta yi zafi, ta yi sama ta fita, ta jawo wata a bayanta. Idan ruwa ya huce, hasara biyu ake yi lokaci guda, fuka-fukan ba su da zafi sosai, kuma iskar ba ta gudu kamar da. Masu lissafi suna cewa ƙarfin yana bin bambancin zafin ruwa da na iska ne da ɗagawar kusan 1.4. Idan kana da kalkuleta a waya za ka iya gwadawa: ɗauki 140 ka cire 65, ɗauki 180 ka cire 65, raba 75 da 115, ɗaga shi zuwa 1.4, za ka sami 0.55. Ninka da 580, ga 320 nan ta fito.

To ga inda gizo ke saƙa, abu biyu da masu cewa "600 a ƙafa" suke tsallakewa.

Na ɗaya, lambobin takardar an yi musu ƙari. Tsarin gwajin da ake kira I=B=R, wanda ƙungiyar masu ƙera boila da hita ta Amurka ta kafa, ya yarda a ƙara kashi 15 cikin ɗari a kan abin da aka auna a ɗakin gwaji. Hujjarsu ita ce zafin da ke fitowa daga ƙasa a jikin bangon waje ya fi amfanar mutum fiye da wanda ke taruwa a silin. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, amma ƙarin ba zafi ne da ya fita daga ruwa ba. Ni idan ina lissafin tsohon gida, raba lambar takarda nake yi da 1.15. Sai 580 ta koma 500, 510 ta koma 443, 320 ta koma 278, 210 ta koma 183.

Na biyu, 180 ɗin da ke takarda matsakaici ne, ba zafin da aka saita a boila ba. Ruwa yana fita da zafinsa, yana raba shi ɗaki-ɗaki, ya dawo ya huce. An saba tsara waɗannan gidaje a kan ya huce da digiri 20. Idan boilarka a 180 take, ruwan ya dawo a 160, matsakaicinka 170 ne. Ke nan ƙafa 92 sau 443, wajen BTU 41,000 a awa. Kwatanta da 70,800 na mutuminka. Bai yi maka ƙarya ba, kuskure uku ne suka hau kan juna.

Kada ka yarda da agogon jikin tsohuwar boila a kan zafin ruwa, na ga waɗanda suka kauce da digiri goma ko fiye. Sayi ma'aunin zafi guda biyu masu waya, irin na araha, ka ɗaure kan ɗaya a bututun fita, ɗaya a na dawowa, ka naɗe su da tsumma ko soso don kada iskar ɗakin ƙasa ta ruɗe su. Kafin ka ɗaure, ka haɗa su wuri ɗaya ka ga ko suna faɗin abu ɗaya. Idan bindigar awon zafi ce da kai, mai jan haske, to ka sani tana ƙarya a kan jan ƙarfe mai sheƙi, sai ta nuna maka 110 alhali bututun zai ƙona hannu. Manna baƙin salatif na lantarki a wurin ka haska a kansa, sai ta faɗi gaskiya.

Za ka ji masu sana'ar suna ambaton wani lissafi: 500 sau galan a minti sau bambancin zafin fita da dawowa. Daidai ne, 500 ɗin daga nauyin galan ɗaya na ruwa ta fito, fam 8.33, sau minti 60. Galan huɗu a minti da bambancin digiri 20 ya ba da BTU 40,000, wanda shi ne kusan iyakar abin da ake ɗora wa bututu mai inci uku bisa huɗu, shi ya sa tsofaffin masu aikin ba sa son zagaye ɗaya na bututu ya wuce ƙafa sittin da 'yan kai na fuka-fukai. Matsalar lissafin a wurinka ita ce ba ka san galan nawa ke wucewa ba, kuma gidaje irin naka ba su da ma'aunin gudun ruwa. Abin da zai kwantar maka da hankali shi ne gudun ruwa bai cika canza ƙarfin hitar ba: daga galan ɗaya zuwa huɗu, 580 ta koma 610 ne kawai. Amfanin bambancin zafin nan a wurinka na gano cuta ne. Idan ka ga 10 zuwa 20, lafiya lau. Idan ka ga 35 ko 40 bayan an yi rabin awa ana aiki, ruwa ba ya gudu yadda ya kamata: ko iska ta maƙale a bututu, ko injin tura ruwan ya gaji, ko wani bawul a rabin rufe yake, kuma ɗakunan ƙarshe ne ke biyan bashin.

Akwai gwajin da na fi so, don ba ya buƙatar sanin sunan hita ko gudun ruwa, agogo kawai yake so. Ka zaɓi dare mai sanyi, ka ɗaga duk na'urorin saita zafi na gidan zuwa ƙarshe don kada su kashe komai, ka bari a yi minti talatin ko arba'in komai ya ɗau zafi. Sannan ka sami kujera ka zauna gaban boila awa ɗaya, kana rubuta minti nawa wuta ke ci, minti nawa take mutuwa. Boila tana kashe wuta ne idan ruwa ya kai iyaka, wato idan hitoci sun kasa shanye abin da take bayarwa. Tsohuwar boila mai cin 140,000 tana sa wa ruwa wajen kashi 80 cikin ɗari, wato 112,000. Idan wutar ta ci minti 22 cikin 60, hitocinka da bututansu sun sha wajen 41,000. Idan wannan ya zo kusa da lissafin tef, to ka sami shaidu biyu. Idan ya yi ƙasa sosai, akwai abin da ya toshe hitocin.

Mutane suna tambayata ko hita tana rage ƙarfi don tsufa. Jan ƙarfe da alminiyum ba sa gajiya. Abin da ke faruwa cikin shekara sittin shi ne ƙura da gashi su toshe tsakanin fuka-fukai, yara da ƙafar kujera su lanƙwasa su, a shimfiɗa sabon kafet ko katako a kan tsoho har tsagar ƙasa ta rufe, a shafa fenti marfin sama ya manne a rufe. Wannan na kafet shi ne babba a gidajenmu, don muna son kafet mai kauri daga bango zuwa bango, sannan mu jingina katifa ko doguwar kujera a jikin hitar. Iska ba ta da ta inda za ta shiga, sai hitar ta zama bututu mai zafi a cikin akwati. Tsagar ƙasa tana son sarari na aƙalla inci ɗaya. Wani abin da ke ba mutane mamaki: cire murfin gaba ba ya ƙara zafi, rage shi yake yi, don murfin ne ke mayar da akwatin kamar bututun hayaƙi mai jan iska. Na sha shiga gida na tarar an cire murafen an jingine wai don zafi ya fito. Ka zuƙe ƙurar da na'urar shara mai burushi, ka miƙe fuka-fukan da suka kwanta da wuƙar shafa bota, ka buɗe marfin sama, ka mayar da murfi. Ka yi wannan kafin gwajin agogo, ko ma ka yi gwajin sau biyu, kafin shara da bayanta, ka ga bambancin da idonka.

Sanin ƙarfin hita rabin aiki ne. Lambar ba ta da amfani sai an ajiye ta kusa da abin da gidan ke zubarwa waje, kuma takardar gas ɗinka ta riga ta auna mana wannan. Therm ɗaya BTU 100,000 ne. Cikin 185 ɗinka, cire na girki da ruwan wanka. Duba takardar Yuli ko Agusta ka ga nawa kuke ƙonawa idan ba a ɗumama gida. Bari in ce 20, saura 165. Sau 100,000, sau 0.80, ya ba da BTU miliyan 13.2 da suka shiga gidan a watan. Sai ka nemo abin da ake kira HDD na ranakun da takardar ta ƙunsa, a tashar yanayi mafi kusa da ku. Lissafi ne na yadda kowace rana ta gaza digiri 65, a tara su. Hukumar yanayi ta Amurka tana fitar da shi, wasu kamfanonin gas ma suna bugawa a takardar. A ce ka sami 950, wanda ya yi kama da Janairun New York. Raba miliyan 13.2 da 950, ka sake rabawa da awa 24, ka sami wajen 580. Ma'anarsa duk digiri ɗaya da waje ya sauka ƙasa da 65, gidanka yana buƙatar ƙarin BTU 580 a awa. A yankinku ana tsara ɗumama gida a kan sanyin wajen digiri 15. Daga 65 zuwa 15 digiri 50 ne, sau 580, BTU 29,000 a awa. Ka ɗan ƙara wani abu a kai saboda hitar lantarkin Hajiya ta ɗauke wa gas wani kaso.

Ka ga hoton yanzu. Gida yana son wajen 29,000 zuwa 31,000 a daren sanyi sosai. Hitoci suna iya ba da 41,000. Boila tana iya ba da 112,000, kusan ninki huɗu na buƙata. Ko an bi shawarar ƙungiyar injiniyoyi ta ASHRAE ta ƙara kashi 40 cikin ɗari don ko-ta-kwana, 40,000 zuwa 45,000 ne. Duk abin da ya haura ƙarfin hitoci ba shi da hanyar shiga ɗaki, boilar za ta yi ta kunnawa tana kashewa ne kawai, tana cin gas tana cin kanta. Ka nemi wanda zai yi aikin ya yi maka lissafin ɗaki-ɗaki da ake kira Manual J. Wanda ya ce ba ya buƙata don ya shekara talatin yana aikin, ka gode masa ka kira wani. Ido ba mudu ba ne, ko da ya san kima.

Batun sabuwar boila mai rage cin gas: ribarta tana zuwa ne idan ruwan da ke dawowa ya yi ƙasa da wajen digiri 130, don a nan ne tururin da ke cikin hayaƙin gas yake komawa ruwa ya saki zafinsa. Idan aka sa ta aka bar ta a 180 duk lokacin sanyi, an sayi doki an ɗaure. Mu gwada da lambobinmu: 29,000 a raba da ƙafa 92, kowace ƙafa ana son ta ba da 315. A mayar da ƙarin kashi 15 don a duba takarda, 362, wato tsakanin 140 da 150. Ke nan a daren da ya fi sanyi ma matsakaicin 150 ya ishi gidan, sauran ranakun kuwa, da waje ke 35 ko 40, ruwa mai 120 zuwa 130 ya wadatar. Sai a sa mata ma'aunin zafin waje, ta riƙa ɗaga zafin ruwa da sauke shi da kanta. Abu ɗaya za ka tambaya: mafi ƙarancin wutar da za ta iya yi. Idan gidan shiyya biyu ne, wato zagayen bututu biyu kowanne da na'urar saita zafinsa, ƙaramar tana da ƙafa 30, a ruwa mai 130 abin da za ta sha bai kai 7,000 ba, boilar da ba ta iya sauka kusa da haka za ta koma kunna-kashe. Wannan duka na sabuwar ce. Tsohuwar ta ƙarfen zubi kada ka sauke mata zafi haka, idan ruwa yana dawo mata ƙasa da 130 zuwa 140 na dogon lokaci, raɓar hayaƙi za ta cinye ta da bututun hayaƙinta.

Na'urar janyo zafi daga iskar waje kuwa, yawancinsu sun fi jin daɗin aiki idan ruwa bai wuce 120 zuwa 130 ba. A matsakaicin 120, ƙafa 92 sau 183 ya ba da wajen 16,800. Raba da 580, digiri 29 ke nan ƙasa da 65. Wato za ta riƙe gidan har waje ya sauka zuwa 36, ƙasa da haka sai an taimaka mata. Ba na cewa ba za ta yiwu ba, amma sai an kusan ninka hitocin, ko an toshe gidan sosai, ko an bar boila a gefe don kwanakin tsananin ɗari.

Na bar ɗakin Hajiya a ƙarshe da gangan, don shi ne zai iya rushe duk abin da na faɗa a kan sauke zafin ruwa. Lissafin gida gaba ɗaya yana ɓoye ɗaki mai rauni, alhali ɗakin da ya fi rauni shi ke yanke zafin ruwan da za a saita wa kowa. Ɗakin kusurwa ne, bango biyu suna kallon waje, kuma zan yi mamaki idan ba shi ne na ƙarshe a zagayen ba. Mu ƙiyasta a daren digiri 15, ciki 70, bambanci 55. Bangon waje ƙafa 26 sau tsayi 8, a cire taga, saura murabba'in ƙafa 178. Idan babu abin tare sanyi a cikin bangon, wanda ba abin mamaki ba ne a ginin 1961, zai zubar da wajen 2,450. Tagogi biyu masu gilashi biyu, wajen 825. Silin wajen 650. Iskar da ke kurɗawa ta tsaga-tsaga wajen 930. Jimla 4,850. Idan hitar ɗakin tana da ƙafa 9 na fuka-fukai, ruwa kuma ya iso mata a 162 bayan ya zaga gida, abin da za ta bayar wajen 400 ne a ƙafa, 3,600. Ka ga giɓin.

Kuma iyayenmu da suka zo daga gida 70 ba ta yi musu. Wanda sanyin da ya sani shi ne na hunturun Kano ko Damagaram, inda rana ke fitowa da hantsi a sha ɗumi, 75 yake so, kuma yana da gaskiyarsa. To a 75 asarar ɗakin ta haura zuwa wajen 5,300, hitar kuma ta ragu zuwa wajen 3,350, don iskar da ke shigarta ta fi 65 ɗin da aka gwada ta da shi ɗumi. Hitar lantarki mai wat 1,500 tana ba da wajen BTU 5,100, shi ya sa da an kunna ta ɗakin ke gyaruwa. Idan aka sauke ruwan gidan zuwa 150 ba a taɓa ɗakin nan ba, hitarsa za ta koma wajen 2,600, Hajiya ce za ta fara sanin an canza boila.

Gyaran yana da hanyoyi, kuma duk sun fi sayen babbar boila araha. Idan akwai bututu tsirara a cikin akwatin, a cika shi da fuka-fukai. A canza ta ɗakin zuwa mai ƙarfi, ko a ƙara a bango na biyu har tsawon ya kai ƙafa 16 zuwa 18. Wasu suna sa hitar bango mai faɗi irin ta Turai, wadda take aiki sosai da ruwa mara zafi can. A wasu gidajen juya hanyar ruwa kawai ake yi, ɗakin ƙarshe ya zama na farko, idan ɗakunan farkon suna da rara. Amma idan kuɗin abu ɗaya ke hannunka, a hura abin tare sanyi a bangon nan biyu a toshe gefen tagogi. Wannan kaɗai zai sauke asarar bangon daga 2,450 zuwa wajen 800, giɓin ya kusa rufewa ba a taɓa bututu ba.

Kafin a yi gyaran, hitar lantarkin nan a sa ta kai tsaye a soket ɗin bango, ba a kan wayar ƙari ba, a nisanta ta da labule, bargo da sallaya da ƙafa uku, kada a kwana da ita a kunne babu mai lura. Mu da ke nan ba mu manta gobarar Twin Parks a Bronx ba, ranar 9 ga Janairun 2022, mutum 17 suka rasu, yawancinsu 'yan'uwanmu 'yan Gambiya, kuma daga hitar lantarki ta tashi. Ka tabbata akwai na'urar jin hayaƙi da ta jin iskar gas mai guba a kowane bene. Wajen sharar hitocin kuma, fentin gidan da aka gina kafin 1978 yana iya ƙunsar dalma, kada ka goge shi da sanfefa yara suna gida. Idan ka ga farin abu kamar busasshen filasta an naɗe bututan ɗakin ƙasa da shi, kada ka ɓantare shi don ɗaura ma'auni, yana iya zama asbestos, nemi wurin da bututun yake tsirara.

Idan ka gama, turo mini tsawon fuka-fukan kowane ɗaki da jerinsu, zafin fita da na dawowa na kowace shiyya, mintocin da wuta ta ci a awa ɗaya, takardar gas ta Janairu da ta Agusta, da hoton cikin hita ɗaya an ɗora tef a kan fuka-fukanta. Ka kuma duba mini ko akwai gareji a ƙarƙashin ɗakin Hajiya, don idan akwai, ban sa asarar daɓen a lissafin nan ba.